Buhun Duwatsun Barba Tripo

Ku gyara zama in ba ku labarin Barba Tripo, don ni na fi kowa saninsa. Ɗan kawuna ne. Tare muka tashi a ƙauyenmu na bisa tsauni kafin girgizar ƙasa ta koro mu bakin ruwa, kuma shekara ashirin da uku ke nan ina cikin jirginsa ina raba wa baƙi burodi da cuku da zaitun. Har yau in na tuna abin da nake raba musu bayan burodin, sai in ajiye abin da ke hannuna in nemi wurin zama.

Barba muke ce wa duk dattijon da gishirin teku ya cinye wa fuska, kuma Tripo ya cancanci sunan tun bai kai arba'in ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Jirginsa na katako ne, sunan matarsa marigayiya Jelka ya sa masa, mutum goma sha biyu yake ɗauka. Ƙarfe tara na safe muke tashi, mu bi gefen garin Perast, mu ratsa mashigar Verige inda tsaunukan biyu suke neman haɗa goshi, mu kai baƙi wani lungu mai koren ruwa su yi wanka, a ci abinci, da la'asar mu biyo ta tsibirin Uwarmu Maryamu mu dawo gida. Masu sababbin jirage sukan wuce mu a guje suna watsa mana ruwa.

"Barba, in ka iso kafin Kirsimeti ka gaida mutanen gida," in ji su.

"Ku je, ku je," yakan ce. "Teku ba ya gudu."

Su suna da manyan injuna da amsa-kuwwa da kiɗa. Shi yana da buhu guda a ƙarƙashin benci, kuma buhun nan ne yake cika masa jirgi tun daga Mayu har Oktoba. Kowa a Boka, wato wannan yanki namu na bakin teku, ya san tsibirin nan kakanninmu ne suka tara shi, duk matuƙin da ya dawo daga tafiya lafiya sai ya jefa dutse a gindin cocin da ke kansa. To shi Tripo, in mun zo daidai wurin sai ya kashe inji, ni kuma in zuba duwatsun buhun a kwando in bi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi addu'ar da ke ransa ya jefa. Na ga manyan mutane masu tumbi suna share hawaye. Duwatsun farare ne tas, kowanne kamar dunƙulen hannu, kuma sau da yawa gefe ɗaya a goge yake da siraran layuka kamar an ja masa mataji. Wasu baƙin har roƙo suke a bar su su tafi da nasu gida, Tripo ya girgiza kai ya nuna musu ruwa.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa inda yake samo su.

"Bisa," ya ce.

Shi ke nan. Mu da tsauni ya tokare mana ƙeya, wa zai tsaya binciken asalin dutse? Kullum kafin rana ta fito ana ganinsa yana saukowa da buhu a baya, muka ɗauka a kwarin rafi yake tsintowa.

Akwai wani abu kuma a jirgin, rataye a ƙusa kusa da sitiyari: wani babban makulli na ƙarfe, wanda yake shafa wa man zaitun duk ranar Lahadi. Na gidan wansa Frano ne. Frano ya girme shi da shekara takwas. Da ƙuruciya shi da mahaifinsu suka shekara biyu suna sassaƙa dutse, suka gina masa gida mai ɗaki biyu a ƙarshen ƙauyen na bisa, wurin da ake hango ruwan Boka gaba ɗaya. Ko wata shida bai yi a ciki ba ya samu aiki a jirgin dakon kaya. Ya miƙa wa Tripo makulli ya ce shekara biyu zai yi. Jirgi ya kai shi Ajantina, ya ga wata mace, ya zauna. Shekara hamsin. Duk Kirsimeti sai wasiƙa ta zo, daga baya waya, kuma tambayar ba ta canzawa: yaya gida? Tripo ya ce makulli yana nan, yana sa masa mai. Na sha jin amsar nan da kunnena, har ina yaba masa a raina cewa ga mai riƙon amana.

Ni kuwa tun shekarar girgizar ƙasa ban sake hawa ƙauyen ba. A can katanga ta danne kakata, sannan matakala ɗari huɗu da wani abu ba abin wasan gwiwa ba ne. Sauran mutanenmu ma haka. Sarƙaƙiya ta cinye wurin, sai macizai.

Wata Talata cikin Yuli, shekara biyu ke nan, wani tsoho ya shigo jirgi da malafa da baƙin tabarau da sanda. Ya gaishe mu da Sifaniyanci ya zauna can gaba shi kaɗai. Abin da na lura kawai, da muka zo Verige ya yi alamar gicciye tun kafin Tripo ya yi, kuma da na ba shi cuku ya daɗe yana shinshina shi kafin ya kai baki. Na ce wa Tripo, "Wancan tsohon naka yau sai mun ɗauke shi da hannu in zai sauka."

"Ke ma kwana nawa ya rage a fara ɗaukar ki," ya ce.

La'asar ta yi, muka zo tsibiri, inji ya mutu. Na bi da kwando. Da na iso kan tsohon ya zaɓi dutse, ya juya shi, ya bi layukan da babban yatsa. Ya sake bi. Sai ya cire tabarau ya kawo dutsen kusa da ido. Da ya buɗe baki, harshenmu ne ya fito, kuma irin na mutanen bisa, wanda rabona da jin shi tun rasuwar mahaifiyata.

"Ozana, wa ya sassaƙa wannan dutse?"

Kwandon ya suɓuce mini. Duwatsu suka watse a ƙasan jirgi suna gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane. Na juya wajen Tripo, na ga fuskarsa ta koma kalar duwatsun.

"Yaya," ya ce. Muryar kamar ta ɗan yaro.

"Na san ni ne yayanka. Ba shi na tambaya ba." Frano ya ɗaga dutsen. "Ƙarfen sassaƙar Baba haƙorinsa na uku a karye yake. Duk inda ya bi sai ya bar gurbi. Ga shi nan." Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki wani. "Ga shi nan kuma. Tripo, me dutsen gidana yake yi a kwandon burodi?"

Baƙin ba su ji ko kalma ɗaya ba. Sun ga dai tsofaffi biyu sun tsaya suna kallon juna, ni kuma na dafe ƙirji, suka ɗauka yana cikin shirin yawon. Wata mata ta fara tafi. Wani Bajamushe mai jar wuya ya rufe ido, ya yi addu'arsa, ya wurga nasa. Muka ji ƙarar faɗawarsa a ruwa, Frano ya zabura kamar a jikinsa aka jefa.

Tripo ya juya wajen sitiyari. Ya tada inji ya kai baƙi gaɓa, ya taimaka wa kowa ya sauka yadda ya saba, ya ɗaure jirgi, ya ciro makullin daga ƙusa. Ni na so a fara zuwa gida a sha gahawa, a yi kukan da ya kamata a yi bayan shekara hamsin. Frano ya ce ba zai sa komai a bakinsa ba sai ya ga gidansa.

Muka kama hawa. Abin da ya fara tsinka mini zuciya shi ne hanyar. Na zaci sarƙaƙiya za mu yi ta kutsawa, sai na tarar da matakalar a share, tsakiyar kowane dutse ya lotsa yana sheƙi, sawun mutum ɗaya na shekara da shekaru. Frano yana hawa goma ya huta. A wurin hutun ne yake ba mu labari, ba tare da ya kalli ƙanensa ba: matarsa ta rasu bara, 'yarsa ta yi aure can kudu, ya sallami duk abin da ya mallaka. Ya ƙi gaya mana zuwansa ne don ya ga ko za mu gane shi. Ya san girgizar ƙasa ta taɓa rufin, ya ce, ba ya tsammanin fada zai tarar. Ɗaki ɗaya ya ishe shi. A ciki yake so ya mutu, yana kallon ruwa.

Tripo yana gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Muka wuce kangon gidanmu, muka wuce na su Tripo, duk a rushe, ganye ya lulluɓe tarin duwatsun. Muka sha kwanar tsohuwar rijiya. Sai ga ƙofar Frano.

Ƙofa ce kyakkyawa. An shafa mata koren fenti bai fi wata biyu ba. Duwatsun gefenta biyu suna tsaye, na sama yana kai da shekarar ginin a rubuce, dokin ƙofa a wanke. Kuma ita kaɗai ce. Hagunta iska, damanta iska. Bayanta daɓen ɗakuna biyu ne a share fes, ko tsinke babu, da gurbin murhu, da ɓauren da ya tsiro inda gado yake a da. Ba bango, ba kango, ba ko tarin tsakuwa. Ta inda bangon gaba ya kamata ya tare ido, ruwan Boka ne shimfiɗe, da tsibirin Uwarmu can ƙasa kamar farin maɓalli.

Na zauna a ƙasa. Abin da yake ta yawo a kaina shi ne kwandon nan. Shekara ashirin da ɗaya, mutum goma sha biyu kullum, da hannuna, ina murmushi ina cewa su yi addu'a.

Frano ya miƙa hannu, Tripo ya sa masa makulli. Zai iya zagayawa ta gefe, taki biyu ne. Bai zagaya ba. Ya zura makulli, ya murɗa, ƙofar ta buɗe ko ƙara babu. Ya shiga ya tsaya a tsakiyar daɓen, ya juya a hankali har ya dawo inda ya fara.

"Ina sauran?" ya ce.

Tripo ya nuna tsibiri da haɓa.

"Duka?"

"Ban da ƙofa."

"Na ga ban da ƙofa, ba makaho ba ne ni."

Sai Tripo ya fara magana, kuma ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Ya ce da ƙasa ta girgiza rufin ya rufta, bangon baya ya zube. A watan ne kuma aka ji a rediyo cewa wani jirgin dakon kaya ya nutse a tekun Ajantina, ba a faɗi suna ba. Mahaifiyarsu ta daina cin abinci. Shi kuma ya tuna cewa Frano ya yi tafiya bai taɓa jefa dutsensa ba, Uwarmu ba ta ma san da shi ba. Sai ya ɗauki guda daga bangon da ya zube, don ta gane na wane ne, ya kai ya jefa da sunansa. Kwana tara sai ga wasiƙa, Frano lafiya lau.

"Daga nan kullum na fita sai na kai maka ɗaya. Da na fara ɗaukar baƙi wata mata ta gan ni ta ce ita ma tana so. Na ga ai hannu da yawa ya fi hannu ɗaya. Su suna tasu addu'ar, ni ina cewa na Frano ne, na Frano ne."

"Bango ɗaya ne ya faɗi. Ka ce bango ɗaya."

"Shi ya ƙare shekarar da Jelka ta rasu. Na kwana uku ban kai ba, na kasa barci. Na ce bari in ciri guda a saman wancan, in mayar daga baya." Ya shafa ƙeya. "Sai manyan jiragen nan suka fara shigowa garin Kotor da mutane dubu-dubu."

Na tsinci bakina yana cewa, "Tripo, ga kangon gidanmu nan, ga na kowa. Duwatsu har sun rasa mai ɗauka."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Na mutane? Ni ba ɓarawo ba ne, Ozana. Ban taɓa na kowa ba. Kuma in na kai na gidanku, ta yaya Uwarmu za ta san don shi ne?"

Frano ya zauna a gurbin murhu, sanda tsakanin gwiwoyi. "Shekara biyu," ya ce. "Farcen nan sau uku yana fita. Baba yana tsaye a kaina, in layi ya karkace ya ce in sake. Kai kana can kana kama ƙadangaru."

"Shekara arba'in da uku kana raye tun ranar," in ji Tripo. "Wa kake tsammani ya riƙe ka?"

"Likita. Da matata, da ta hana ni taba."

"To. Ni dai na yi nawa."

"Ka yi. Ka ba Jamusawa ɗakin kwanana sun watsa a teku." Ya ɗaga kai. "Da ban zo bana ba fa? Me za ka kai baɗi?"

Tripo ya saci kallon ƙofar, ya sunkuyar da kai. Nan ne na ga guduma jingine a bayan dutsen gefen hagu, kuma ƙasan dutsen an riga an ɓantare shi kaɗan. Frano ma ya gani. Ya tashi, ya fita ta ƙofar, ya kulle ta, ya sa makullin a aljihun ƙirji. Muka sauko.

Gidana Frano ya sauka. Kwana goma sha ɗaya bai yi wa ƙanensa magana ba. Labari kuwa kafin gari ya waye ya kai Kotor. Mutane suka riƙa hawa matakalar da suka shekara arba'in suna gudu, don kawai su ga ƙofar, su sauko suna riƙe baki. Masu sababbin jirage ma sun daina tsokanar Tripo, in sun zo wucewa sai su rage gudu su bi shi da ido. Tripo bai fasa fita ba, amma buhu babu komai. In mun zo tsibiri sai ya kashe inji bisa sabo, ya tsaya hannu a sake, baƙi suna jiran abin da aka ba su labari, ni in ƙara musu zaitun. Ya rame. Kullum da yamma yakan kawo kifi ya ajiye a bakin ƙofata ya tambaye ni a hankali, "Yana numfashi daidai? Ba ya tari?" Frano yana jin sa ta taga, yana cin kifin, ba ya amsawa.

Rana ta goma sha biyu Frano ya riga mu zuwa jirgi. Ya zauna gaba har muka gama yawo. A tsibiri ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wane gefe?"

"Arewa. Wuri ɗaya nake tsayawa kullum."

Tripo ya matsa da jirgin. Ruwa ya kwanta ranar, ana ganin ƙasa. Ga shi nan kuwa, wani farin tudu a jikin gindin tsibirin, ya fi sauran haske, ƙananan kifaye suna shiga suna fita. Frano ya daɗe a sunkuye. Na riƙe masa bayan riga don kada ya bi gidansa.

"Ko a ruwa bai karkace ba," ya ce. Ya miƙe ya fuskanci ƙanensa. "Saurara, jakin Baba. Ƙafafun da suka sauko da shi su za su mayar. Kullum da safe dutse ɗaya, babba, ba irin tsakuwar da kake ba baƙi ba. Ni zan sassaƙa, kai ka ɗora. Ɗaki ɗaya. Kuma kafin a gama, ɗakinka nawa ne, kai ka koma kicin."

"Da wanda zan riƙa kai wa Uwarmu fa?"

"Na dawo. Nawa ɗaya ne, kuma da hannuna." Ya zura hannu a aljihun wando ya fito da dutsen da na ba shi ranar farko. Ashe bai jefa ba. Ya sake bin layukan da yatsa, ya yi alamar gicciye, ya sake shi a kan farin tudun. "An gama. Wanda ya ƙara taɓa mini ƙofa, ni da shi ne."

"In an gama ɗakin fa, Yaya?"

"Sai in shiga in mutu. Me ka ɗauka na zo yi?"

Ban taɓa jin ya ce ya yafe ba, kuma Tripo bai roƙa ba. Yanzu duk safiya za ka ga Barba Tripo, mai shekara saba'in da ɗaya, yana hawa da dutse a kafaɗa. Frano yana zaune a inuwar ɓaure da sabon ƙarfen sassaƙa, wanda da gangan ya karya wa haƙori na uku, yana zagin duk abin da aka kawo masa. Baƙi kuwa yanzu tsakuwar bakin ruwa muke ba su, suna kuka kamar da.

Shekara biyu ke nan bangon bai wuce gwiwa ba. Na hau da kaina na gani, na kuma ga dalili: duk layin da aka ɗora, bayan kwana biyu sai Tripo ya ce ya karkace, ya sauke rabinsa. Frano yana kallonsa yana yi, ya ce masa malalaci, ya ce masa makaho, amma bai taɓa hana shi ba.

Na tambayi Tripo inda yake samo sababbin duwatsun.

"Ƙasa," ya ce.

Tun daga ranar, kafin in ɗora gahawa sai na zagaya katangar lambun gidana ina shafa ta da hannu, ina ƙirga duwatsunta.